Zobban Sandar Yaya Reino

Ontonagon, farkon Fabrairu

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar, kumburin ya sauka? Ka gaida mini Yaya Helmi da maigidanta da yara, Allah ya saka musu da yadda suke kula da kai. Mu nan lafiya lau, sai dusar ƙanƙara da ta kawo mana har bakin taga.

Baba, da kunnenka na jin waya da ban tsaya rubutu ba, don maganar ta yi wa takarda nauyi. Idon Yaya Reino ne. Likita ya ce ciwon sukarin ya cinye na hagu ƙurmus, na dama kuwa haske da duhu kawai yake rabewa, kuma babu sauran abin da za su yi. An karɓe lasisinsa na tuƙi. Motar share ƙanƙarar da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙawa, yanzu wani ke tuƙa ta, tana wucewa ta ƙofar gidansa kullum da safe.

Shekaranjiya matarsa Marlys ta sauke shi a shagonka na haɗa sandunan kamun kifi. Har yanzu shagonka muke ce masa, ko da yake ni ce a ciki. Ya shigo yana lalube, rungume da tsurar sandar fatsa, doguwa siririya, irin ta manyan kifin da ke hawowa kogi daga tafki in ƙanƙara ta fara narkewa. Ya ajiye ta bisa tebur, saura kaɗan ya kifar mini da kwalbar gam, ya ce, "Auta, ga aiki na kawo miki. Ki yi shi da kyau, don yanzu da hannu nake duba aiki, hannu kuwa ba a yi masa wayo."

Na yi dariya, amma na gode wa Allah da Yaya bai ga fuskata ba.

Abu ɗaya ya nace a kai: zobban da zare ke bi. Masu faɗi yake so tun daga gindi har ƙarshe, yadda zai ji kafar kowanne da yatsa ya zura zarensa da kansa, kuma ƙanƙara ba za ta toshe su da wuri ba. Ya ce, "Kada ki saka mini ƙananan nan na 'yan zamani, masu kama da kafar allura. In na so ɗinki zan je wajen tela."

To, Baba, ban taɓa ɗaura wa sanda siririya haka manyan zobba ba. Ina tsoron nauyinsu ya sa kanta ya riƙa lilo bayan jifa. Ka rubuto mini yadda kake yi wa masu kamun hunturu a da, da nisan da kake ba zoben farko daga kwarkwaron naɗe zare. Wannan kaɗai ne abin da zan iya yi masa, ina so ya fito daidai.

Ka riƙa shan maganinka a kan lokaci. Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Aili

Ƙarshen Fabrairu

Babana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya sanyin can? Na ji Yaya Helmi ta yi mura, ka yi mata sannu.

Takardarka ta iso, da zanen da ka yi mini da awon kowane zobe. Na lura a kan idon Yaya ba ka ce komai ba sai "ki gaishe shi" a can ƙasan shafi. Ban ga laifinka ba. Ni ma a cikin awon zobban nake ɓuya, sai ga shi an biyo ni har can.

Marlys ce ta zo ita kaɗai ranar Talata, da burodinta mai zaƙi naɗe cikin tawul. Ka san ta da surutu, amma ranar kofinta kawai ta riƙe har ya huce. Can ta ɗauki ɗaya daga cikin ƙananan zobban da ke faranti, ta ɗaga shi wajen taga, ta ce, "Wannan zai iya zura masa zare shi kaɗai?"

Na ce ko ni mai ido sai na sa tabarau.

Ta ce, "To, irinsa za ki saka masa."

Baba, ashe ba sanda kawai Yaya yake shiryawa ba. Ka san kogin da ke bayan gidansu, da 'yar hanyar da ke gangarawa ta cikin itatuwa. Marlys ta ce tun watan jiya yake bin hanyar da sandar dogarawa in ita ta tafi aiki, yana haddace kowace bishiya. Nufinsa in ƙanƙarar kogin ta narke ruwa ya buɗe, ya riƙa shiga shi kaɗai. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta turo masa fasto, ya ce wa fasto in yana so ya zo ya riƙe masa jaka.

Ta ce mini, "Aili, ba zan iya ɗaure shi a ƙafar gado ba, aikin ma ba zan iya bari ba. Amma in ba ya iya zura zare, dole ya jira ni ko ke. Zare ai tsinkewa yake yi. Ba ƙarya za ki yi masa ba, ke da bakinki kika taɓa cewa ƙananan sun fi."

Gaskiyarta ce, shi ne abin da ya fi damuna. Ƙananan ba su da nauyi, suna riƙe zare kusa da jikin sanda, ko kifi shinshinar ƙugiya ya yi sai ka ji a tafin hannu. Wanda ba ya ganin motsin kan sandarsa, ai shi ya fi kowa bukatar haka. Zan iya gaya masa wannan ba tare da na yi ƙarya ba. Amma ni da Marlys mun san dalilin ba shi ne ba.

Na ce mata, "Matar Yaya, ki bar ni in yi tunani."

Ta ce, "Ki yi. Amma in aka tsamo shi a bakin gada, tunanin ba zai amfane mu ba." Ta fita ta bar tawul ɗinta.

Yanzu faranti biyu ne a gabana, manya a ɗaya, ƙanana a ɗaya. Ɗanka ne, Baba. Ka faɗa mini wanne, don Allah, ko da kalma ɗaya.

Ka huta lafiya.

Taka,
Aili

Tsakiyar Maris

Mahaifina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta mutanen gida, ina sanar da kai amsarka ta same ni. Ka ce rabonka da riƙe sanda ya daɗe, hannunka ya manta, ni ce mai shago yanzu. Na karanta na sake karantawa ko zan ga wani abu a bayan maganar, ban gani ba.

Da na rasa mafita sai na ce bari sandar ta yanke hukunci. Na manna mata manyan zobba da salatif, na ɗauko Yaya muka je filin ƙwallon makaranta, na ɗaura masa ɗan dalma a zare ya yi ta jifa a kan ƙanƙara. Jifarsa na nan yadda ka san ta, ko ɗigo ba ta ragu ba. Ya ce, "Ba laifi. Tana ɗan rangaji kamar Kawu Arvo in ya fito daga biki, amma za mu shirya."

Sai na cire su na manna ƙananan, na zura masa zaren da kaina. Jifa ɗaya ya yi ya tsaya cik. Ya riƙa jawo dalmar a hankali, yana faɗa mini abin da take bi: nan ƙanƙara ce mai tauri, nan ciyawa, nan sawun ƙafar wani. Duk daidai. Baba, rabon da in ga fuskarsa haka tun kafin ciwon. Ya ce, "Kai! Wannan ai gani take yi."

Zuciyata ta yi sanyi, na ce shi ke nan, Allah ya warware mini. Sai ya sa haƙori ya datse zaren, ya zare shi tas daga zobban, ya ce, "Bari mu ga ɗaya rabin aikin."

Ya cire safar hannu ya fara. Na farko zuwa na uku masu faɗi ne a kowane hali, ya wuce su. Daga na huɗu abin ya tsaya. Ya lalubo zoben, ya jiƙa bakin zaren da yawu, ya tura, ya goce. Ya sake, ya goce. Iska na kaɗawa, yatsunsa suka yi ja, daga baya suka yi fari. Na miƙa hannu ya ji motsina, ya ce, "Kul." Na tsaya ina kallon yayana, mutumin da ya koya mini ɗaura ƙugiya, yana neman kafar da ke tsakanin yatsunsa bai same ta ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Shi ya gaji don kansa.

A mota, sai da muka kusa gida ya ce, "Marlys ta zo wajenki ko?"

Na ce ta zo.

Ya ce, "Tana da gaskiya, ba na musu. In da ita ce ni ma haka zan yi. Amma Auta, da safe ita ke zaɓa mini riga, ita ke auna mini allura, ita ke gaya mini inda nama yake a faranti. Wuri ɗaya nake so a duniya inda ba sai na kira wani ba." Da na tsaya a ƙofar gidansu ya ƙara da cewa, "Ke ce maƙeriya. Duk wanda kika saka zan karɓa in yi godiya, ba kuwa zan tambaye ki dalili ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na fara naɗi daga gindi, tunda zobban ƙasa ba su da gardama. Ina yin ɗaya in huta kwana biyu, kamar mai ciwon hannu. Gobe zan kai na huɗu.

Ka gaida kowa da kowa.

'Yarka mai kewarka,
Aili

Ƙarshen Afrilu

Baba,

Ina fatan kana lafiya, kuma ɗumin da ya fara shigowa ya yi wa ƙafarka daɗi. Ka yafe mini shirun da na yi.

Manyan na saka. Kada ka tambaye ni yadda na yanke, don ban yanke ba. Na zauna da ƙaramin a hannu, na ɗora shi a kan sandar, yatsuna suka ƙi naɗawa. Da na kai masa ya bi ta da hannu tun daga mariƙi har ƙarshe, ya tsaya a na huɗu, ya ce, "Na gode," kamar yadda ya yi alkawari. Marlys na tsaye bakin murhu. Kallo ɗaya ta yi wa sandar ta shige ɗaki. Tun ranar ba ta ɗaga wayata, a coci ma ta sauya benci.

Ruwa ya buɗe makon da ya wuce, ya kuwa fara fita. Na kasa aiki. Ranar Alhamis da sassafe na ajiye mota nesa, na ratsa ta cikin itatuwa na laɓe bayan wata bishiya da ke kallon inda yake tsayawa. Ina isa na tarar da mutum a wurin. Marlys ce, da kayan aikinta a jiki, ta fito kamar ta tafi ta zagayo. Ba ta dube ni ba, amma ta ɗan matsa mini.

Yana cikin ruwa har gwiwa, yana jifa. Can ƙugiyar ta maƙale a ƙasa, ya ja, zaren ya tsinke, ƙafarsa ta zame a kan dutse. Baba, sai da ruwa ya kai masa ƙirji. Marlys ta damƙe hannuna, har yau shatin farcenta na nan. Na buɗe baki zan yi ihu ta toshe mini da tafinta, ita da ta roƙe ni in hana shi. Muna kallo ya dafa, ya miƙe, ya ja baya zuwa bakin gaɓa yana tari, sandar na sama bai sake ta ba. Ya zauna bisa wani kututture, jikinsa na ɓari, ya zura zarensa zobe bayan zobe ba tare da ya goce ko sau ɗaya ba. Ya ɗaura sabuwar ƙugiya ya koma ruwa.

Marlys ta share fuska da hannun riga, ta ce a hankali, "Aikinki ya yi kyau, Allah ya isa." Sannan ta ce, "Gobe ke za ki zo, ni jibi. Ba zan iya rasa aiki kullum ba."

Haka muke yi yanzu. Na sayi igiya ina zuwa da ita, ko da yake na san daga inda nake tsayawa ba za ta kai shi ba, in na matsa kusa kuma zai ji. Watakila ma ya ji. Jiya da yamma ya kira ni ya ce ya kama kifi ɗaya ya sake shi, sannan ya ce dajin bayan gidansu ya cika da barewa bana, har da wata mai tari. Ni kuwa kwana biyu ke nan ina fama da tari.

Ƙanƙarar kan tudu ba ta gama narkewa ba, kogin kullum ƙaruwa yake yi. Dutsen da ya tsaya a kai ranar Alhamis yau ruwa ya rufe shi. Gobe ni ke da zuwa. Ka yi masa addu'a, Baba, ka yi mana mu ma da ke bayan bishiya.

Ka gaida Yaya Helmi da yara. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ni ce 'yarka,
Aili