Autar da Ke Ɓuya a Bayan Kabad

Don Allah Anti, ki agaza mini da shawara. Ina cikin farin ciki, amma wani abu ya tsaya mini a rai.

Ni direba ne. Da ƙanwata ta rasu, ni na ɗauki 'yarta, muna ce mata Auta. Uban ya yi ɓatan dabo, sai da ta shiga makaranta ya dawo wai a ba shi 'yarsa. Muka je kotu. Alƙali ya bar ta a hannuna na wucin gadi, da sharaɗin kafin zama na gaba jami'ar kula da yara ta zo ta ga yarinyar da idonta, ta kai rahoto. In wa'adi ya cika babu rahoto, riƙona na cikin haɗari.

To ni kullum ina kan hanya. Ashe matata, baiwar Allah, ta ɗauka uban ne ya turo matar ta ɗauke Auta. Da an buga ƙofa sai ta tura ta bayan kabad, ta ce ba ta nan. Jami'a ta yi ta zarya. Garin neman gira saura ƙiris mu rasa ido! Ban sani ba sai da aka kira ni daga kotu, wa'adi ya zo gab. Na ajiye mota, na zauna a gida, na buɗe wa jami'ar ƙofa da hannuna.

Alhamdulillahi, rahoto ya shiga kan lokaci, alƙali ya tabbatar mini da riƙo. Na yi barci har da minshari. Sai dai alƙalin ya ce a riƙa kai ta wurin ubanta ƙarshen mako, matata kuwa ta ce sai bayan ranta. Ita kuma Auta, ko mai gyaran famfo ne ya buga ƙofa, sai ta ruga bayan kabad. Ya zan yi?

Kawun Auta

Kawun Auta, barka da arziki, kun taki sa'a.

Kada ka yi wa matarka faɗa. Ƙauna ce ta sa ta, kuma da ka zaunar da ita ka yi mata bayanin sharaɗin tun farko, da ba a kai nan ba. Amma umarnin da ya ba ku Auta shi ne ya ba uban ranakunsa, ba a ɗaukar rabi a bar rabi. Ku kai ta a kan lokaci. In kun ga abin da bai kwanta muku ba, ku koma gaban alƙali, kada ku yanke hukunci a ɗaki. Uban ya makara, gaskiya ne, amma ubanta ne. Ranar farko ku tafi da matarka, ta ga an kai ta, ta ga an dawo da ita.

Auta kuwa, ku gaya mata ƙarara cewa nan ne gidanta, babu mai ɗauke ta. Ku matsar da kabad ɗin ya manne da bango. In an buga ƙofa, ka riƙe hannunta ku buɗe tare.

Allah ya jiƙan ƙanwarka, ya raya Auta, ya nuna maka ranar da za ka dawo daga tafiya ka buga ƙofa, ita ce za ta rugo ta buɗe maka.