Fiton Da Ba Ka Yi Ba

Zuwa ga Yohanna ɗan Malam Bitrus,

Gaisuwa mai yawa, in ana gaida mutanen inda kake. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ba za ka iya ba, don da ajami na rubuta, kai kuwa boko kaɗai ka sani, shi ka yi ta yi mini taƙama da shi. To, yau alƙalami na hannuna, kai ka yi shiru.

Tudun Wada na nan, sai dai ba za ka gane ta ba. Gidan rawar da muke kiɗa ran Asabar ya zama shagon tayil. Matarka Rifkatu ta koma wurin ɗanku a Kaduna. Ni ina ƙofar gida kan benci, ina kallon 'yan acaɓa suna neman kashe kansu.

Babban labari shi ne faifanmu ya fito daga kabari, kai ba ka fito ba. Wasu samari suka tono shi, suka wanke sautin da na'ura, suka zuba a waya. Yanzu masu keke napep na yawo da mu har Gyallesu. Wai ba a taɓa kiɗan rok irin na ƙungiyarmu Tartsatsi ba. Hoton bangon faifan yana nan yadda ka so shi, kai a tsakiya da jita, ni kafaɗata kawai ta fito. An rubuta kai ka tsara waƙoƙin duka. Har da Layin Dogo? Yohanna, ka ji tsoron Allah ko a can ne. Luguden innata ne da ƙanwarta, taɓarya biyu turmi ɗaya, na kwashe shi na ɗora kan gangunan Bature. Kai baki ka kawo, ka tsaya gaban kowa.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ka tuna ƙa'idarmu. Mai ganga ba ya tsayawa sai ka yi fito. Haka muka tsara ƙarshen Layin Dogo. Audu mai fiyano ya fara janyewa, sai Garba mai babbar jita, sai kai, a bar ni ni kaɗai kamar jirgin da ya yi nisa, sannan ka yi fito in ajiye sanda. Innata ta sha gaya mini fito kiran aljannu ne. Na ƙi ji.

Ranar da za mu ɗauki waƙar a Legas mun yi cacar baki tun safe a kan hoton nan. Ita ce ta ƙarshe a faifan. Da aka zo wurin, ka jingine jita, ka dube ni ido cikin ido, ka buɗe ƙofa ka fice. So kake in tsaya da kaina, ka ce ga jahili ya karya ƙa'ida. Kai ma ka san ni. Na ci gaba da bugu, gumi na shiga mini ido, har tef ya ƙare. Haka aka buga faifan, ganga ta yanke a tsakiyar bugu. Yaran yanzu sun ce wai hikima ce. Wace hikima? Gaba ce tsagwaronta.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Tun ranar ban ƙara kaɗa wata waƙa ba. Mutanen unguwa sun ɗauka tuba na yi, na bar su a haka. Ta yaya zan fara wata alhali wannan ba ta ƙare ba? Duk sanda muka yi kiciɓis a kasuwa na kau da kai, kunnena yana wurinka. Fito ɗaya, Yohanna. Me zai rage ka da shi?

Ka lura da yadda kuka tafi kuwa? Audu ya fara, a hanyar Kano. Garba ya bi shi. Bara kai. Babu wanda ya tsallake wani. Saura ganga.

Na je Wusasa ranar da aka binne ka. Ban shiga ba, na tsaya bayan katanga gindin mangwaro. A hanyar dawowa hannuwana suka kama rawa, har yau ba su daina ba. 'Yata Hauwa ta kai ni asibiti, likita ya ba abin wani dogon suna. Ni na ɗora hannu kan benci na saurara. Luguden ne. Ko cokali na riƙe, Layin Dogo yake bugawa a bakin kwano.

Shekaranjiya da rana tsaka wani mai keke ya tsaya ƙofar gidana yana jiran fasinja, waƙar na tashi. Na bi ta har inda take yankewa. Dab da ta yanke na ji numfashi. Wani ya ja iska ta wushirya, yadda kake yi in za ka yi fito. Na sa mai keken ya maimaita, ya rantse bai ji komai ba. Ni na ji. Kuma ba daga lasifika ya fito ba, daga bayan kunnena na hagu ne, inda ka saba zagayowa ka tsaya a ƙarshen waƙar. A Legas da idona na ga ƙofa ta rufe a bayanka. To wa ke jan numfashin?

Jiya babu keke, babu waya. Ina alwalar la'asar na sake ji. Ya matso.

Na san abin da zai faru in ka yi shi, ba yaro ba ne ni. Ba kuma tsoro nake ji ba. Na gaji, kafaɗuna sun gaji, waƙar ta yi tsawo. Amma ba zan karɓe shi ta bayan kunne kamar na ɓarawo ba. Ta gaba ka fita, ta gaba za ka dawo. Ka tsaya inda zan ga bakinka, ka dube ni yadda ka dube ni ranar, sannan ka yi. In ta baya ka yi, wallahi ban ji ba, bugu zan ci gaba da yi, mu ga wanda zai gaji.

Na sa Hauwa ta ciro mini sanduna daga ƙarƙashin gado. Ga su nan kan cinyata. Na kuma ce a daina ajiye babur a gaban bencin, wurin a share yake.

Sai ka zo. Allah Ya ba ka hutu, ni ma ka zo ka ba ni nawa.

Mai gangarka da bai tsaya ba,
Sule