Ruwan da Ba Shi da Ƙetare

Zuwa ga Malama Mubarika,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara, domin na rasa wanda zai saurari maganar nan har ƙarshenta. Ki yi haƙuri da rubutuna, hannuna rawa yake yi yanzu, ba kamar lokacin da muke elementare a Yawuri ba, da malami ke ɗaga littafina yana nuna wa 'yan aji. Maƙwabcina Sayibu, mai aikin gadi, shi zai ɗauki hoton takardar ya tura miki.

Shekaruna saba'in da tara. Basarke ne ni, daga Sarkawa masunta, a bakin kogin Kwara aka haife ni, cikin kwalekwale na girma. Na zo Qatar shekara talatin da takwas da suka wuce, na yi tuƙi a gidan wani dattijo a Al Wakrah. Da ya gane ɗan ruwa ne ni, sai ya riƙa shiga teku da ni a jirginsa na katako, irin na da, mai ƙyallen da iska ke turawa. Kafin ya rasu ya gaya wa ɗansa Rashad, wanda shi ne kafil ɗina yanzu, wato ubangidan da takardun zamana ke hannunsa, cewa jirgin nawa ne muddin ina numfashi.

Matata Haulat ita ke yi wa ƙyallen faci. Faci goma sha ɗaya ne, duk ɗinkin hannunta, ɗaya ma daga tsohon zanenta ta yanko. Burinta ɗaya ne a kaina. Takan ce duk ruwan da ta taɓa shiga tana hango ƙetarensa, tana so in kai ta inda za ta waiga ko'ina ba ta ga ƙasa ba. Yini guda ne zuwa wurin, a kwana, a dawo. Ni kuma kullum in ce sai sanyi ya shigo, in ya shigo in ce iska ta yi yawa, sai baɗi. Haka har ciwo ya kwantar da ita shekara uku. Bara ta rasu.

Ga laifina. Mutanen nan kan fitar da jirgi tudu lokaci-lokaci, a kankare gindinsa, a shafe shi da farar ƙasa da kitse. Na sani, da hannuna na sha yi. Amma da jinya ta cinye ni sai na koma ga abin da mahaifina ya koya mini: kwalekwale ba ya lalacewa a ruwa, rana ce ke tsaga shi. A wajenmu in mutum zai yi doguwar tafiya har nutsar da shi yake yi da gangan. Na dubi zafin ranar Qatar, na ce barinsa a ruwa ya fi. Masunta biyu sun yi mini magana, na yi murmushi, a raina ina cewa su wa za su koya wa ruwa. Na manta ruwanmu ba gishiri, kuma babu tsutsar da ke cin katako ta ciki.

Watan jiya aka jawo shi. Daga waje lafiya lau. Kafinta ya soka ƙusa da yatsa biyu kawai, ta shige kamar cikin burodi. Ya ɓalle katako ɗaya, cikinsa kamar saƙar zuma. Har babban katakon gindi, wanda duk jirgin ke kansa, ya ciwu. Ya ce zai gyaru, amma sai an yo odar katako daga Indiya, kuma shekara biyu ne in an yi sauri. Rashad, Allah ya saka masa, ya dafa ni ya ce khalas, wato shi ke nan, in bar shi, zai sama mini na roba mai ƙyalle da inji, cikin wata guda yana ruwa.

Likita ya ce zuciyata ba ta son wahala. Igiyar da nake ja da hannu ɗaya, yau ko buta in na cika sai na huta. 'Yata Lubna tana Kaduna, kullum maganarta in tattara in koma gida, har na rage ɗaukar wayarta. Bayan la'asar nakan je in zauna a inuwar jirgin, ba mai ce mini komai.

In na gyara, ban ga alamar zan kai ranar ba. In na karɓi sabo, Haulat ba ta taɓa taka shi ba, to wa zan kai? Wanne zan yi, ko duka biyun aikin banza ne?

Tsohon Basarke, Al Wakrah

Baba,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama Haulat, ya sa jinyar ta zama kaffara. Rubutunka ya karantu sarai, malaminka bai yi kuskure ba.

Zan gaya maka gaskiya, tunda ita ka nema. Kada ka gyara jirgin nan don tafiya. Na san abin da ke jan ka: shi ne wanda ta sani, kuma kana ganin gyaransa zai goge sakacin da ka yi. Amma in an canza katakon gindi da na gefe, abin da za a miƙo maka bayan shekara biyu wani jirgi ne dabam mai tsohon suna. Kafinta kuma da ya ce shekara biyu, ka sa uku a ranka.

Sabon ma kada ka karɓa a matsayin naka. Ya fi sauƙi, tsutsa ba ta cin sa, amma jirgi kowane iri hannu yake so, kuma kai da bakinka ka faɗi yadda kuke yi da buta. Zai zauna a ɗaure ne kana kallo, ya zama baƙin ciki na biyu. Tafiyar da kake gani a ranka, kai a kan tuƙi ita a gefenka, ta wuce, Baba. Ba ni da dabarar dawo da ita, ba kuwa zan yi maka ƙarya ba.

Game da laifin, ka rage wa kanka. Shekara ukun da tsutsa ke cin katako, kana gefen gadon matarka ne. Da an ce ka zaɓa, abin da za ka zaɓa ke nan.

Ga abin da ya rage, ba shi da yawa amma yana hannu. Ka sa Sayibu ya taya ka kwance ƙyallen nan a makon nan, a wanke, a naɗe, ya koma ɗakinka. Hannun Mama a jikinsa yake, kuma tsutsa ba ta taɓa shi ba. Ka ce wa Rashad ba jirgi kake so ba, yini biyu kake roƙo: in sanyi ya shigo, kuma likita ya yarda, ya fita da kai a jirgin da ke da ƙarfafan mutane, ka zauna a matsayin fasinja. In likita ya hana kwana, a je da inji a dawo a yinin.

Sannan ka ɗauki wayar Lubna. Ka gaya mata burin mahaifiyarta, domin ina zargin ba ta taɓa ji ba. Ka ce ta zo ta zauna kusa da kai a tafiyar, maganar komawa gida kuwa a yi ta bayan an sauka. In kun kai inda ƙasa ta ɓace, ku shimfiɗa ƙyallen ku zauna a kai, ku yi mata addu'a.

Abu ɗaya na hana ka: kada ka ce sai baɗi. Wannan sanyin ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kai ka, ya dawo da kai.

Mubarika