Fetur Ya Biyo Rariya Ya Shigo Gidana

Assalamu alaikum Anti Aina'u. Don Allah ki taimake ni da shawara. Hukunci kam na riga na yanke, hanyar bi ce ta gagare ni.

Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna haya a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kin san kuwa daga hantsi har la'asar wuta ba ta mutuwa a murhuna. Mai gidan, Malam Muntaka, shi ya karantar da maigidana tun daga allo har sauka, kuma da muka rasa wurin zama shi ya buɗe mana ƙofa, ko ciniki bai tsaya yi ba. Dattijon arziki ne, wannan ko a gaban waye zan faɗa.

Matsalar ɗan ƙaninsa ne, Naziru, wanda katanga ɗaya ta raba mu. Bayan babbar salla ya fara sayar da fetur a bakin titi, jarkokin kuma a jikin katangar nan yake jibge su, daidai bayan murhuna. Da farko wari ne kawai, har ƙuli-ƙulina ya fara ɗauka, masu saye suna yamutsa fuska. Makon jiya kuwa jarka ta fashe, fetur ya biyo rariyar da muke tarayya ya shigo tsakar gidana. Ina tsaka da suya, autata Tahira tana rarrafe a wajen. Ban san sanda na sure ta na watsa wa wutar ƙasa ba. Na aika wa matar Naziru, ta ce in yi haƙuri, abincinsu ke nan. To ni 'ya'yana fa?

Maigidana direba ne, a Kano yake kwana, sai Juma'a yake zuwa. Ya yarda mu tashi, har mun samu wani gida kusa da kasuwa, amma shekarar hayarmu sai da kaka za ta cika. Shi kuma da ya ga Malam bakinsa mutuwa yake. Dabararsa wai mu kwashe kaya shiru, in an tambaya mu ce gidan ne bai karɓe mu ba. Ni kuwa na san garin nan. Ranar da muka faɗi haka, kafin magariba an ce gidan Malam akwai iskoki, ba mai sake kama shi. In kuma muka faɗi gaskiya, mun kai ƙarar ɗansa. Tashi dai ba fashi, Anti, amma yaya zan yi in tashi ban ɓata wa dattijon nan ba?

Mai ƙuli-ƙuli, daga Ɗambatta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Hukuncinki daidai ne, kuma daga yau ko ruwan shayi kada ki sake dafawa a murhun nan. Kafin ku tashi, ki roƙi wata da gidanta ke nesa da jarkokin ki riƙa suya a wajenta.

Kunyar maigidanki tarbiyya ce, ban ga laifinsa ba. Naziru ma halalinsa yake nema, ganganci ne ya yi masa yawa. Amma cewa gidan bai karɓe ku ba ita ce babbar cutar da za ku yi wa Malam. Ƙarya ce, za ta ɓata masa gida, in kuma wani ya daure ya shiga, wata uwar za ta hura wuta a inda kika kashe taki, ba ta san komai ba.

Ranar Juma'a maigidanki ya nemi liman ko mai unguwa ya raka shi, tunda shi kaɗai bakinsa ba ya buɗuwa. Su fara da godiya, sannan su roƙi Malam ya tako da ƙafarsa ya ga rariyar, ya shaƙi warin. Wannan ba ƙara ba ce, sanar da mai gida halin da gidansa yake ciki ne. Batun kuɗin hayar watannin da suka rage ku bar masa ya yanke. In ya mayar ku gode, in bai mayar ba ku yafe, ku miƙa makulli a gaban wanda ya yi rakiyar. In kuma ya sa an kwashe jarkokin zuwa bayan gari, kuna iya sake duba zaman, amma sai kin ga an kwashe da idonki.

Ki gaya wa maigidanki, Malam zai ji nauyin maganar na ɗan lokaci ya wuce. Abin da ba zai taɓa yafe wa almajirinsa ba shi ne ya fara jin labarin rariyar nan daga bakin masu zuwa yi masa jaje. Allah ya tsare ki da zuri'arki, ya sa sabon gidan ya karɓe ku da gaske.

Anti Aina'u