Baba, Na Tsinka Maka Fim

Zuwa ga mahaifina, Malam Issufu mai gyaran agogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya da uba, ina fatan makwancinka na cikin haske. Kwana uku ke nan na kasa zama wuri ɗaya, na ɗora tukunya na manta da ita, na fita ƙofar gida na dawo ban san me na je yi ba. Na yi maka ɓarna, kuma gara ka ji daga bakina.

Ruwan bana ya karya rufin ɗakinka. Muna kwashe kaya muka tarar da gwangwanaye uku na finafinanka. Biyu sun narke sun manne, sai warin tsami. Ɗaya ne ya tsira, na matar da akuyarta ta ɓace a kasuwar Matameye, ta bi sawunta har Ɗan Barto. Matar nan kuwa Inna ce, tana amarya.

Jikokinka ba su yarda ka taɓa shirya fim ba. Na ba su labarin 'yar kamarar da Baturen gyada ya bar maka ladan gyaran agogo, wadda ake wana ta da hannu kamar agogon, ba ta ɗaukar murya ko kaɗan. Ka tara maƙwabta a fili, kana tsalle kana yi musu tsawa: “Ku yi da jiki, injin kurma ne!” Ka sa ladan ya zama ɓarawon akuya, bai yafe maka ba har ya rasu.

Ranar nunawa kuwa, a toshe ƙofar zaure da tabarmi bayan la'asar, ka tsaya gefen majigi kana yin muryar kowa. Kai ne matar, kai ne ɓarawon, kai ne akuyar. Ba ka taɓa rubuta ko kalma ɗaya ba, Baba. Ka tafi da maganganun duka, kuma wannan ya daɗe yana ba ni haushi.

Na kai gwangwanin Damagaram wurin wani da ya san aikin. Ya ce fim ɗin ya bushe, kada a kuskura a sa shi a tsohon majigi, a aika Yamai a kwafe shi, sai dai zai ɗauki watanni. Yaya Sani ya ce a aika. Ni kuma na dubi Inna. Yanar ido ta rufe mata gani, abinci sai cokali biyu, kuma ita kaɗai ta rage da ta san abin da kake faɗa. Watannin nan ban ga alamar tana da su ba.

Ka san taurin kaina, naka ne. Ranar Talata na toshe zaure, na zaunar da ita, na ajiye wayar salula kusa da bakinta don ɗaukar murya, na kunna majigin. Tana jin ƙarar nan ta gyara zama. Ta fara, da irin muryarka, har da tarin da kake yi kafin kukan akuya. Na gan ta a bango, siririya, tana gudu da zane a hannu, ga ta kuma a gefena tana dariya ba haƙora.

Ba a kai rabi ba fim ɗin ya maƙale. Hoton ya kumbura ya ƙone, sauran ya rududduge a hannuna kamar busasshen ganyen rama. Bango ya koma fari fat.

Inna ba ta gani ba. Injin na ta juyawa, ita kuma tana ta ba farin bango labari, har aka kama ɓarawo, har akuya ta dawo gida. Ban kashe ba, ban kuma gaya mata ba. Da ta gama ta share hawaye ta ce hoton ya fi na da fitowa.

Yaya Sani ba ya yi mini magana. Ni ma ina tuhumar kaina, in saurari salular in ce na yi daidai, in dubi gwangwanin in ce na cuce ka. Shekara da shekaru fim ɗinka na da hoto ba murya. Yanzu murya ce da shi ba hoto, kuma ni na yi.

Ka yafe mini, Babana. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna sauƙi, Ya kuma rufa mini asiri kada ta ce a sake kunna mata.

'Yarka mai kewarka,
Hadiza