Kaset ɗin Ranar Sauka

Dapaong, 9 ga Maris

Zuwa ga Khairiya, Maman Memounatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarmu da mutanen Sokodé baki ɗaya. Yaya ciwon haƙorin nan?

Na iso lafiya. Yayanki Garuba ya buɗe mini ɗakin marigayi mahaifinku, Baba Malam, ya ba ni kaset-kaset ɗinsa guda arba'in da ɗaya, har da na ranar saukar karatunki da kika fi damuwa da shi. Danshi ya ci su. Zaren yana juyawa yana zubar da baƙin gari, wato sau ɗaya kowanne zai jure a kunna shi, dole kwamfuta ta kama muryar a wannan karon.

Kin san halina da RAM, ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe aikin da ke hannunta. Masu ƙera ta sun ce gudunta 3200, ni na tura ta 3800, na matse lokutan da take jira kafin ta amsa, ta yi kwana uku a gida ko tari ba ta yi ba. Abokina Latif ya ce zafin arewa daban ne, na ce masa hassada ce. To, jiya kwamfutar ta ƙame ana tsakiyar naɗa, kaset ɗaya ya tafi. Ba zan ƙara kunna ko ɗaya ba sai na gyara.

Ki shafa mini kan Memounatou.

Mijinki,
Jibrilu

Dapaong, 17 ga Maris

Khairiya,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya yarinya? Na ga kiranki, ban ɗauka ba don hannuna na cikin inji.

Ƙa'idar aikinmu ita ce a saki gwajin RAM ya yi yini da kwana ba kuskure ko ɗaya. In jan layin kuskure ya fito, ko a awa ta ashirin da uku ne, an koma farko. Na sassauta lokacin jiranta na farko daga 16 zuwa 18, na ƙara mata ɗan ƙarfin wuta, na cire murfin akwatin na ɗora mata fanka, ni ina zufa ita tana shan iska. Da safe lafiya lau, da azahar ta yi sai ja. Ran Talata ta kai awa goma sha tara aka ɗauke wuta.

Ba na iya zuwa ko bakin titi. Garuba kan leƙo kullum ya tambaya ko an gama, in ce saura kaɗan. Ɗakin nan ya ishe ni, wallahi, ga littattafan Baba sun kewaye ni kamar ana jiran in yi bayani.

Naki,
Jibrilu

Dapaong, 26 ga Maris

Khairiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Kwana shida ke nan da na mayar da RAM gudun da aka ƙera ta da shi. Ta ci gwaji a karon farko. Kaset arba'in sun shiga lafiya, kuma gudun da na yi ta alfahari da shi bai rage mini ko minti ɗaya ba, tunda kaset da tafiyarsa yake tafiya. Na san haka tun farko, girman kai ne kawai.

Ba inji ne ya riƙe ni a nan ba. Wanda ya tafi ɗin naki ne. Da shi na fara don in aiko miki ki yi murna. Na sake kunna shi, babu komai sai shuuu.

Ni kaɗai na ji shi. Na ji muryarki kina ƙarama kina karanta Baƙara, kika yi tuntuɓe, Baba ya yi dariya ya ɗora ki kan hanya. Da ya zo addu'a ya kira ki Hairo, muryarsa ta karye. A nan kwamfutar ta ƙame. Na rubuta abin da na riƙe, amma rubutuna ba muryarsa ba ce.

Kunya nake ji, kuma tsoron fuskarki nake yi. Jakata a ɗaure take. In kin ce in zo, zan zo in faɗa miki shi da bakina, tun ban fara mantawa ba.

Mai neman afuwarki,
Jibrilu