Muryar Vasanta a Kan Faifan Gwaji

San Jose, 3 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata Kamakshi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki a Madurai. Yaya gwiwar taki? Ni lafiya lau, sai dai ƙafa ta ƙi hawan bene, gidan kuma ya yi mini girma.

Kin san shekara talatin na yi ina gwada faifan ajiya na kwamfuta, ina auna wane shafen maganaɗisu ya fi ɗaukar bayani. Mai manyan ƙwayoyi kaɗan yake ɗauka, amma yana riƙewa. Mai ƙanana yana ɗaukar da yawa, sai dai ɗumin ɗaki kawai kan goge shi a hankali. Ni na rubuta rahoton da hannuna. Duk da haka, don alfahari, a kan mai ƙananan da na haɗa na adana muryar matata, marigayiya Vasanta.

Kina nan ranar da na ɗauki muryar. Ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, kofinka ya huce! Ni ka aura ko faifan nan?" Ta ƙara wata magana, kuka fashe da dariya.

Bara wannan maganar ta ƙarshe ta ɓace daga faifan. Bana dariyar ta bi ta. Yanzu in na kunna, "Maigida" kaɗai nake ji, sai shiru, ni kuma in amsa.

Ki taimake ni, ki tuno abin da ta ce, ki rubuto mini a takarda. Kada ki jinkirta.

Ubangiji ya tsare ku.

Yayanki,
Sundaram